Wasiƙa daga Garwa a kan hular kwano

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Mu ma nan Garwa lafiya lau, sai zafi da ya fara matsa mana. Inna tana gaishe ka da kyau.

Saƙonka ya same ni. Na yi murna da jin ka sayi keken hawan dutse, kuma kana so in ka zo hutu mu haura dutsen Tingelin da ke kusa da Garwa tare. Ka tambaye ni ko hular kwanon da kake sawa a kwaltar Duwala za ta ishe ka a nan. Na ƙi amsa maka a waya ne don maganar kai ba a yi mata gaggawa.

Ka fara juya hular ka duba cikinta. In ka ga ɗan tambari mai rubutu EN 1078, ta ci gwajin Turai ke nan. In kuwa CPSC ka gani, na Amurka ne, wanda ya zama tilas a can tun 1999. Gwajin nan ɗaya ne ga hular kwalta da ta hawan dutse, babu wadda aka yi wa sassauci. A na Turai ana sako hular ne daga tsayin kusan mita 1.5 ta bugi ƙarfe, wato tana bugunsa da gudun kusan kilomita 20 a awa. Saboda haka a hanyar birji ta ƙauye, ko a gefen Binuwai inda ƙasa take shimfiɗe, sa abarka hankali kwance. Ta ma fi daɗi a zafinmu, don ba ta da nauyi kuma ramukan shan iskarta manya ne. Ka san watan Afrilu a nan, ya kan wuce digiri 40.

Inda nake jin tsoro shi ne gangare. Mai keke a kwalta ya san abin da zai faɗa a kai, shimfiɗaɗɗen titi ne. A kan dutse kuwa tayar gaba ce ke cijewa a tsakanin duwatsu, keke ya tsaya cak, mutum ya wuntsila ta kan hannun keken, ko tayar baya ta zame a tsakuwa ya faɗi da baya. Wurin da ke shan bugu shi ne ƙeya da gefen kai kusa da kunne, kuma nan ne hular kwalta ta gajarta. Ta hawan dutse tana saukowa har ta rufe ƙeya, tana kuma da ɗan baki a gaba irin na hana-sallah, wanda ke kare ido daga rana da reshe. Kada ka raina reshen nan. Aduwa da farar ƙaya sun cika hanyar, kuma ƙaya na iya shiga ta waɗancan manyan ramukan.

Akwai wani yaro da muke hawa tare, ya faɗi a gangare bara. Allah ya kiyaye, ya tashi da ƙujewa kawai a gwiwar hannu. Da muka duba hularsa, daga waje sumul take, ko ƙwarzane babu sosai. Sai da muka ɗaga soson ciki muka ga tsagewa siririya ta taso daga baya har tsakiya, wurin kuma ya lotsa. Farin abin da ke cikin hula shi ne dai wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, an dai ƙara matse shi. Aikinsa ya murƙushe ya shanye bugun, kuma sau ɗaya yake yin haka, ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa nake roƙonka kada ka sayi ta gwanjo, komai arharta. Ba ka san faɗuwar da ta sha a hannun mai ita na farko ba. Taka ma, in ta taɓa bugun ƙasa da kanka a ciki, ta gama aiki.

In da hali, ka nemi ta hawan dutse a can Duwala kafin ka taso, don a wajenmu samun mai kyau sai an sha wuya. Za ka ga wasu da ɗan tambari rawaya an rubuta MIPS. Wani ɗan faifai ne a ciki mai zamewa kaɗan, don ya rage murɗawar da kai ke yi in an faɗi a karkace. Yana da amfani, amma zaman hular daidai a kanka ya fi shi muhimmanci. Ta zauna kamar yatsa 2 a saman gira, igiyoyin su haɗu a ƙarƙashin kunne, na haɓa kuma yatsa 1 ko 2 kawai zai shiga. Ka girgiza kai, in ta yi rawa ba taka ba ce. Mai rufe haɓa gaba ɗaya ta masu tseren gangare ce, mu ba mu kai can ba.

In kuma ba ta samu ba, ka zo da wadda kake da ita. Za mu bi birji, in mun iso gangare mai duwatsu mu sauka mu tura. Ka sanar da ni ranar da za ka shigo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, in san lokacin da zan tare ka a tashar mota a nan.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
amininka na Garwa