Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Ajin Kwamfuta na Yammacin Laraba

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Ya gida, ya hunturu?

Maganar ajin kwamfuta ce ta sa na rubuto. Mako biyu ke nan 'yan CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida na firamare, suna raguwa ranar Laraba da yamma. Wannan an aike shi kasuwa, waccan an tsayar da ita girki. Har wani uba ya tare ni a bakin ƙofa ya ce ai wasan mage suke yi. Raina bai ji daɗi ba, shi ya sa zan yi bayani.

Manhajar da suke koyo sunanta Scratch, mai hoton mage a matsayin alama, daga jami'ar MIT ta Amurka ta fito a 2007, kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet. Yaro yana jera tubala masu launi, kowane tubali umarni ne. Amma jerin ba ya motsi sai an tashe shi. Masu tayarwar su ne tubala ruwan ɗorawa da ake ɗorawa a sama: in an danna koriyar tuta, in an taɓa wani maɓalli, ko in saƙo ya iso.

Da idona na ga wata 'yar CM2 ta zana gadar Binuwai ta nan Garwa, ga akuya ga mai babur. Duka ta ɗaura su a kan koriyar tuta, tana dannawa suka tashi tare, babur ya bi ta kan akuya. Ta sa wa babur jiran daƙiƙa uku, ya yi daidai. Da ta rage wa akuya sauri, sai karo ya dawo. Malamin kwamfuta, Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa mata komai ba. Tambayarta ya yi: wa ya san akuya ta haye? Ta yi shiru, can ta ce akuyar. Sai ta sa akuya ta aika saƙon "na haye", babur kuma ba ya tashi sai saƙon ya same shi. Yanzu ko akuya ta yi rarrafe, babur yana jiranta.

Darasin saƙo ke nan, kuma shi za a ci gaba da yi har Laraba biyu masu zuwa. Wanda bai zo ba, ba zai iya haɗa aikin da za a nuna muku a makon Ranar Matasa, kafin 11 ga Fabrairu, ba. Malamin nan yakan zauna har bayan la'asar ba tare da an ƙara masa ko dala ba, in wuta ta ɗauke ya ci gaba da katunan da ya yanka da hannunsa. Don Allah ku sako mana yaran, musamman mata.

Sauran kuɗin ƙungiyar iyaye, masu shi sun san kansu. A sa wa ƙanana rigar sanyi da safe. Malamar CP, wato aji biyu, ta gode da tsintsiyoyin da aka kawo.

Wassalam,
Daraktan makaranta