Zuwa ga Sale, daga Ngawundare

Assalamu alaikum, mutumina.

Wata huɗu ke nan rabon da in ji ɗuriyarka. Tun da ka sauka Injamena ka zama ɗan birni, ko barka da Sallah ba ka aiko ba. Ya su Inna? Ya zafin can? Mu nan damina ta kankama, da asuba sai na ƙudundune da bargo biyu.

Sale, SN1 da SN2, hanyoyin nan biyu na ilimin sinadarai da wani abu ke maye gurbin wani a jikin kabon, waɗanda suka hana mu barci a shekararmu ta farko, ran Talata na gan su da idona! Malam ya ba mu kwalabe biyu na gwaji, kowace da nitirat na azurfa a cikin etanol. A ta farko na ɗiga 2-kuloro-2-metilpropan. Kafin in ajiye abin ɗigawa ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, gishirin azurfa yana kwanciya a gindi. Ta biyu na sa mata 1-kulorobutan, ta tsaya garau, sai da na ɗumama ta a ruwan zafi sannan ta fara yin hazo. Da muka koma kan iyodid na sodiyam a cikin asetan sai lamarin ya juye: mai saurin ɗazu ya kafe, 1-buromobutan kuwa nan da nan ya zubar da farin gari.

A nan na gane abin da muka yi ta hadda ba mu fahimta ba. SN1 zawarci ne. Sai kulorid ya fita tukuna, ya bar kabon da cajin tarawa, a shimfiɗe, ƙofa buɗe gaba da baya. Ko manema ɗari suka yi layi ba za su gaggauta komai ba, sakin ne mai ɗaukar lokaci. Shi ya sa yawan nukiliyofil, wato manemin da ke son maye gurbin kulorid, ba ya shiga lissafin sauri, shi ya sa kuma idan kabon ɗin mai siffa biyu ne, kamar hannun dama da na hagu, ake samun gaurayen siffofin biyu. Ruwa da etanol su ne dangin da ke rarrashi, suna kewaye cajin har ya zauna.

Af, zancen zawarci ya tuna mini, Bappa Hamadu ya ƙara aure a Garwa. Kai aka yi ta tambaya wajen ɗaurin aure, na ce kana can kana tara sefa. Wallahi lokacinka ya yi, kada ka ce karatu.

To SN2 ba ya jiran saki. Baƙo, wato nukiliyofil, na shigowa ta ƙofar baya, mai gida, wato wanda ake maye gurbinsa, na fita ta gaba, taki ɗaya. Sauran hannuwa uku na kabon sai su kife kamar lemar da iskar hadari ta juya, irin wadda ta same ka a bakin tashar jirgin ƙasa. Idan ƙungiyoyin metil uku sun tokare bayan, kamar a 2-kuloro-2-metilpropan, ta ina baƙon zai bi? Dalilin kafewar kwalbata ke nan. Paul Walden ya ga wannan kifewar tun 1896 a Riga, yana aiki da asid na malik, amma sai wajen 1935 Hughes da Ingold suka warware yadda take faruwa a Landan. Kusan shekara 40 manyan masana na kai da kawowa, mu kuwa aka ce mu haɗiye a mako biyu.

Yanzu ina so in nemi aikin bincike a wannan fanni, amma Baba ya fi son in dawo Marwa in kama koyarwa. Ban san yadda zan tunkare shi ba, kai ka fi ni iya magana da shi.

Littafina mai koren bango yana wurinka, na sani. Ka ba direban da ke zuwa ta Kusiri, ka haɗo da dabino.

Naka,
Bello