Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan aikinta na zane

'Yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ƙawayenki da malamanku. Saƙonki ya iso, na kuma duba hotunan zanen nan uku da kika turo. Kin ce malamar zane ta dawo miki da aikinki na farko, ta ce hannunki ya faɗa amma ba ta gan ki a cikin zanen ba, ga shi babban aikin ƙarshen zango ya ƙarato, kanki ya ƙulle, kin rasa abin da za ki zana. Na san maganar ta sosa miki rai. Sai dai ni a ganina gaskiya ta faɗa miki, irin wadda sai mai son ci gaban mutum yake faɗa masa. Shi ya sa na ga ya fi in zauna in rubuto miki a tsanake, da mu yi ta a waya cikin gaggawa.

Fuskokin nan biyu da kika kwafo daga hotunan intanet sun fito tsaf, ba wanda zai musa. Amma ki lura, mai ɗaukar hoton ya riga ya gama aikin da ya fi wuya. Shi ya zaɓi ta inda haske zai faɗo, shi ya yanke abin da za a gani da wanda za a bari, shi ya mayar da abu mai tudu da kwari ya kwanta a shimfiɗe. Ke sawunsa kawai kika bi. Na ukun kuwa, wanda kika ce kunyar nuna shi kike ji, wato takalmanki na makaranta a gefen gado, shi na fi daɗewa ina kallo. Layukan ba su miƙe ba, ɗaya takalmin ya ɗan fi ɗaya girma, amma dunduniyar ta cinye ta gefe guda daidai yadda kike taka ƙasa tun kina ƙarama. Wannan ba wanda zai iya zana shi sai wanda ya zauna ya ƙura wa takalman ido. Abin da malamarki ke nema ke nan.

Kada ki ɗauka ina hana ki kwaikwayo. Da koyo akan iya, kuma manyan masu zane duk ta nan suka bi. Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, bai kama zane gadan-gadan ba sai wajen 1880, yana da shekara 27. Ya yi ta kwafar ayyukan Millet, Bafaranshen nan mai zana manoma, sannan a 1887 ya kwafi zanen Hiroshige na Japan don ya gane yadda suke shimfiɗa launi ba tare da inuwa mai yawa ba. Bai taɓa ɓoye cewa aikin wasu yake koyo da shi ba. In ya gama, sai ya ɗauki abin da ya koya ya nufi gona, ko ya juya ga kujerarsa da ɗakin kwanansa. Har tsofaffin takalma ya zana a birnin Faris a 1886, yau suna rataye a gidan adana zane ana zuwa kallonsu. Ya rasu a 1890, amma cikin shekara goman nan ya bar ayyuka wajen 2,000. To ki yi kwafi a littafinki na gwaji iya son ranki, ki rubuta sunan mai aikin a ƙasa, kuma kowane lokaci ki tambayi kanki dalilin da ya sa ya duhunta nan ya bar can fayau. Abin da za ki miƙa wa malama kuwa, ya fito daga idonki. Haka ma manhajojin nan da ake gaya musu abu su fitar da hoto nan take: ba na so ki miƙa abin da suka fitar da sunanki, ko da ba wanda zai gane.

Kin ce kina jiran ilhama ta zo. A nan nake so ki saurare ni da kyau, domin jiran nan shi ke cinye wa ɗalibai lokaci har ranar miƙa aiki ta riske su hannu rabbana. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, ya shafe ƙarshen 1890 zuwa 1891 yana zana tarin damman hatsi da ke wata gona kusa da gidansa, har zane kusan 25, duk na abu guda. Wani da sanyin safiya, wani da faɗuwar rana, wani cikin dusar ƙanƙara. Tarin bai motsa ba, hasken ne ke sauyawa, kuma hasken yake bi. Ba sai kin samo wani gagarumin batu ba kafin ki fara. Da ni ne ke, takalman nan zan mayar aikin zangon gaba ɗaya: a zana su da hasken taga da safe, a sake da tsakar rana lokacin da inuwa ta gajarce, a sake da fitila da dare, ɗaya da fensir, ɗaya da gawayi, ɗaya da fenti. Shawara ce kawai. In zuciyarki ta fi kwanta wa hannun wata ƙawarki, ko bishiyar da kike gani daga tagar aji, ki bi ta.

Duk abin da kika zaɓa, kada ki faɗa kan babbar takarda kai tsaye. Jiragen yaƙi sun yi wa garin Gernika na ƙasar Sifaniya ruwan bama-bamai a watan Afrilun 1937. Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifaniya, ya fara zanensa a kan wannan ta'asa ran 1 ga Mayu, kuma da ƙananan gwaje-gwaje ya fara, har sama da 40, yana juya kan doki, yana matsar da mace mai riƙe da gawar ɗanta. Zanen da ya fito daga ƙarshe ya kusa mita 8 a faɗi, kuma babu launi a cikinsa sai baƙi da fari da ruwan toka. Mutumin da ya mallaki kowane irin fenti ya ga uku sun ishe shi. Ke ma ki yi ƙanana kamar tafin hannu tukuna, da yawa, kowanne cikin 'yan mintuna, har ki ga tsarin da ya zauna.

Ga 'yan abubuwan da na lura da su a hannunki. Kina tsoron duhu: komai naki tsaka-tsaki yake fitowa saboda fensir HB kaɗai kike riƙewa. Ki nemi 2B da 6B, waɗanda suka fi shi laushi da baƙi, ki ɗan runtse ido ki kalli abin da ke gabanki, nan take za ki ga inda ya fi duhu da inda ya fi haske, sai ki fara kafa waɗannan biyun. In kin zo fentin ruwa, daga mai haske ake farawa a je ga mai duhu, farinki kuma shi ne takardar kanta, in kin rufe ta ba ta dawowa. Kada ki yi inuwa da baƙi zalla, yana kashe zane. Abu ja, ki sa masa ɗan kore a inuwarsa. Mai ruwan lemo, ɗan shuɗi. Amma da kaɗan-kaɗan, don in sun yi yawa sai su koma ruwan taɓo.

Batun cewa wasu 'yan ajinku sun fi ki kayan aiki, na ji, kuma zan yi abin da zan iya. Sai dai kada wannan ya tsayar da ke. Bayan tiyatar da aka yi wa Matisse, wani mai zane Bafaranshe, a 1941, tsayuwa gaban allon zane ta yi masa wuya, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi yana jera su, kuma wasu daga cikin fitattun ayyukansa ta haka suka samu. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, murafun kwalabe da aka zubar yake daddaƙewa a ɗinke su da wayar tagulla su zama kamar ƙaton mayafi, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venis a 2015. In malamarku ta yarda a haɗa kaya iri-iri a aiki ɗaya, ki duba abin da ke kewaye da ke da wannan idon.

Ranar da za a kafa ayyukanku a bango kowa ya faɗi ra'ayinsa, ki riƙe biro ki rubuta abin da aka ce, kada ki tsaya kare kanki. Ki bar shi ya kwana, washegari ki tace, ki ɗauki mai amfani. Ina kuma roƙonki, ki daina yaga zanen da bai yi miki ba. Ki sa masa kwanan wata ki adana, domin da shi za ki auna inda kika kai nan da shekara, kuma malamai da yawa suna son ganin hanyar da aka bi, ba sakamakon kaɗai ba. A bayanin da za ki haɗa da aikin, ki ambaci duk wanda kika koyi wani abu daga aikinsa, ba ragi.

Kada zane ya hana ki barci ko ya sa ki yi sakaci da sauran darussa, lissafi musamman, don za ki buƙace shi ranar da kuka fara koyon yadda ake nuna nisa da kusa a takarda. Ki turo mini ƙananan gwaje-gwajen da zarar kin fara, har da waɗanda ba ki so, kuma ki rubuto mini takamaiman kayan da malama ta ce a kawo don in aiko da su da wuri. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki ƙwarai. Ki miƙa gaisuwata da godiyata ga malamarki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'a.

Naki,
Babanki