Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hajiya Metiron kan lissafin maƙalu da ƙarancin jini

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A shirin lafiya na rediyo da aka gayyace ni, kin bugo waya kin yi mini tambaya, lokaci kuma ya ƙare kafin in ba ki amsar da ta dace da girmanki. Kin ce ana ta taya wani farfesa murna don sunansa ya fito a jerin masanan da aka fi ambaton ayyukansu a duniya, an ce ya rubuta maƙalu masu yawa kan maganin ƙarancin jini, an ambace su sau dubbai. Ke kuwa da kika shekara da shekaru kina karɓar haihuwa a ƙasar Dukku, har gobe mata na zuwa miki ido fari fat, suna haki. Wace riba wannan lissafi ya kawo musu? Tunda a bainar jama'a kika tambaya, a nan zan amsa. Ba zan kama sunan farfesan ba, domin maganar ta shafi duk mu masu koyarwa da bincike a fannin jini.

Ga yadda lissafin yake. Duk mai bincike idan ya rubuta maƙala, a ƙarshenta yana jero ayyukan da ya duba ko ya kafa hujja da su. Duk wanda aikinsa ya shiga wannan jeri ya samu ambato ɗaya. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fara tattara waɗannan ambato a kundi a 1964, da nufin masu bincike su riƙa bin sawun ilimi daga wannan aiki zuwa wancan. A 2005 Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks, ya kawo ma'aunin h: idan an ce h ɗin mutum 20 ne, yana da maƙalu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Yau rumbunan maƙalu na intanet, Google Scholar da Scopus, ke yin ƙirgar, jerin nan kuma na kashi 2 cikin 100 na masanan da suka fi tara ambato, wanda jami'o'inmu ke murna da shi duk shekara, John Ioannidis na Jami'ar Stanford ne da abokan aikinsa ke fitar da shi daga alƙaluman Scopus.

Don haka lambar ba ƙarya ba ce. Tana nuna cewa sauran masu bincike sun san da aikin mutum. Iyakarta ke nan. Kamar a zauna a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ne a ƙirga sau nawa aka kira sunan wani ɗan kasuwa a yini: da mai yabon cikar mudunsa, da mai kuka da tauyewarsa, da wanda ya ambace shi don kwatancen hanya kawai, duk ɗaya-ɗaya za a rubuta musu. Maƙalar nan ta 1998 da ta ɗora wa allurar rigakafin ƙyanda laifin da ba nata ba, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma ba a daina ambatonta ba, na'ura kuma ba ta daina ƙirgawa ba.

A fanninmu akwai wani abu kuma da ya kamata ki sani. Daga cikin maƙalun ƙarancin jini da suka fi tara ambato akwai waɗanda suka ƙirga marasa lafiya, ba waɗanda suka gwada magani ba. Dalili kuwa kusan kowa yana buɗe maƙalarsa da faɗin girman matsalar, dole ya kawo wanda ya ƙirga. Ƙididdigar da aka buga a 2023 ta ce mutum biliyan 1.92 ne ke da ƙarancin jini a duniya a 2021. Irin waɗannan manyan maƙalu ɗaruruwan marubuta ke sa suna a kai, kowannensu kuma ana rubuta masa ambaton gaba ɗaya, ko da teburin alƙaluma guda ya bayar. Aikin yana da amfani, ban raina shi ba, gwamnatoci da shi suke tsara kasafi. Amma bai ɗaga jinin mace ko ɗaya ba.

Sai dai Hajiya, inda zan saɓa miki shi ne idan tambayarki na nufin binciken kansa bai tsinana komai ba. Abin da ke kan teburinki ranar awo, bincike ne ya ɗora shi. A 1986 Alan Fleming da abokan aikinsa a Zariya suka buga gwajin da suka yi da Hausawa 200 masu cikin fari. Sun raba su rukuni biyar, wasu maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wasu a haɗa musu da sinadarin ƙarfe, wasu da folik asid. Abin da ya fito shi ne maganin zazzaɓin kaɗai ya sauko da tsananin ƙarancin jini daga kashi 18 zuwa kashi 3 cikin 100. Wato a ƙasarmu sauro ne babban mai cin jinin mai cikin fari. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a Malawi da Kenya su suka kai ga Fansidar ɗin da kike sa mace ta haɗiye a gabanki daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku. Wannan maƙala ta Zariya ba ta kama ƙafar manyan maƙalun ƙirga ba wajen ambato, amma ni a wurina ta fi su kusa da gadon mara lafiya.

Akwai kuma binciken da amfaninsa shi ne ya ce a dakata. A tsibirin Pemba na Zanzibar an ba yara kusan 24,000 gwaji, wasu ƙarfe da folik asid, wasu ba a ba su ba. Dole aka tsayar da ba da ƙarfen kafin wa'adi, domin waɗanda suka sha sun fi kwanciya asibiti ko rasuwa. An buga sakamakon a 2006. Daga nan aka koyi cewa a yankin sauro ba a ɗura wa yara ƙarfe haka kawai, sai an haɗa da kariya da maganin zazzaɓi.

Ki dubi sikila kuma, wadda ba mai ba ki labarin ta. A Amurka yaron da na'ura ta nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ƙarin jini ake masa duk wata. Ina za mu samo wannan jinin, kuma wane uba ne zai iya biya? Likitocinmu na Kano da Kaduna, Shehu Umar Abdullahi da abokansa tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220, aka buga a 2022. Ƙaramin awo na miligiram 10 a kowane kilo na nauyin yaro bai gaza awon miligiram 20 ba wajen kare shanyewar. Ga iyalin da ke sayen magani da kuɗin kaza, rabin awo magana ce babba. Irin wannan aikin ko sau nawa aka ambace shi ya cancanta, kuma ko ba a ambace shi ba ya riga ya biya.

To me ya sa matan ke zuwa miki haka? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49 da kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini. Ba rashin sanin magani ba ne ya kawo wannan. An daɗe da sanin cewa mai ciki na buƙatar miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe, tare da folik asid, kullum. Tsakanin takarda da bakin mace igiyar ke tsinkewa, kin kuma fi ni sanin inda take tsinkewa. Mace ba ta zuwa awo sai ciki ya kai wata bakwai. Ta zo, ƙwayar ta ƙare a sito. An samu an ba ta, ta sha kwana uku, zuciya ta tashi, bayan gida ya yi baƙi, uwar miji ta ce maganin nan girmar da ɗa yake a sha wuyar haihuwa, sai ta ƙulle sauran a bakin zane. Wadda ta daure, da shayi take korawa, shayi kuwa yana hana jiki tsotsar ƙarfen. Ga tsutsar ciki, ga tsargiya a garuruwan bakin ruwa, ga haihuwa kusa-kusa.

Na taɓa tsayawa kan wata da aka kawo daga ƙauye cikin dare, kwana biyu da haihuwa. Na ja fatar idonta ƙasa, babu ɗigon ja, tafin hannunta kamar an wanke, PCV ɗinta, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jininta, kashi 12 ne kacal cikin 100. Mijin yana tsaye da ledar kayanta, an ce ya nemo mai ba da jini, a garin da bai san kowa ba, ƙarfe biyun dare. Abin da za a yi mata ba ɓoyayye ba ne a gare mu, yana cikin kowane littafi. Jinin ne babu. Allah ya sa wani ɗalibi ya miƙa hannu ta rayu. Babu ma'aunin da ya rubuta wa kowa komai a wannan dare.

Kuma a nan ne lissafin ambato ke mana ɓarna, ba wai ya tsaya ga rashin amfani ba. Matashin likita ya san da yawan maƙalu da sunan mujalla ake ƙarin girma. Idan ya kashe shekara biyu yana bin dalilin da ya sa matan Nafada ke daina shan ƙwayar ƙarin jini, 'yan kaɗan ne a duniya za su ambace shi, manyan mujallu kuma wasunsu dubban daloli suke karɓa kafin su buga. Sai ya zaɓi mai sauƙi, ya sake ƙirga masu ƙarancin jini a ɗakin awo ɗaya, abin da aka ƙirga sau ba adadi, ko ya yanka bincike ɗaya gida uku. Wasu ma sukan faɗa hannun mujallun bogi masu buga komai idan an biya. Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. A 2012 masana da editoci suka haɗu a San Firansisko suka fitar da sanarwar DORA, suna roƙon a daina auna mai bincike da martabar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa.

Game da farfesan, ra'ayina shi ne a taya shi murna, don ba a banza ake kai wa nan daga jami'ar da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar gwaji ba. Amma idan ana son a san nauyinsa, a ce ya ware ayyuka uku daga cikin tarin, ya faɗi abin da kowanne ya sauya: wane magani aka fara bayarwa ko aka daina, wace ƙa'ida ma'aikatar lafiya ta gyara, su wa ya horar da ke duba marasa lafiya yau. Mai aikin gaske ba ya jin tsoron wannan tambaya. Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas za ta iya nuna gwajinta na mata masu ciki 1,056 a Legas da Kano, da aka buga a 2024, inda aka kwatanta ƙarfe ta jijiya sau ɗaya da ƙwaya kullum. A mako na 36 kashi 58 na masu allura da kashi 61 na masu ƙwaya na nan da ƙarancin jininsu. Ba sakamakon da ake buga ganga a kai ba ne, amma gaskiya ce mai tsada: ko da ƙarfen ya shiga jiki, fiye da rabi ba su warke ba, ke nan akwai sauran abin nema.

Ina da roƙo gare ki, Hajiya. Masu bincike a Siwizalan sun nuna a 2017 cewa shan ƙarfe yau a tsallake gobe yana sa jiki ya fi tsotsar sa, saboda wani sinadari da hanta ke fitarwa, hefsidin, wanda ke tashi bayan an sha ya rufe hanya. Amma da mata marasa ciki aka yi wancan gwaji, don haka kada a sauya wa masu awo komai tukuna. Abin da ya kamata mu fara sani mai sauƙi ne: cikin matan da kika ba ƙwaya, nawa ne ke shanta zuwa awo na biyu, waɗanda suka daina kuma me ya hana su. Rabin amsar na cikin rajistarki, sauran rabin matan ba za su faɗa wa ɗalibina ba, ke za su faɗa wa. Idan kin amince, zan nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na sashen lafiya na ƙaramar hukuma, mu zo bayan damina idan hanya ta yi kyau. Sunanki zai shiga cikin marubuta, sakamakon kuma da Hausa za mu fara kai shi ga matan da mazajensu kafin ya tafi wata mujalla. Ina jiran amsarki.

Naki,
ɗanki a aiki, malamin fannin jini,
Gombe.