Zuwa ga ɗana mai tambaya kan waƙoƙin mata masu sa hawaye

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ranar da ka bugo waya cikin shirinmu na mata, lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, bari amsar ma ta zo a bainar jama'a. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ka yi: Inna, mene ne amfanin sa wa mata waƙoƙin baƙin ciki, ba raki da rashin godiya suke koya musu ba? Kuma ma'anonin nan da kike warwarowa daga baitoci, mawaƙan ne suka faɗa miki, ko ke ce ke cusa musu abin da ba su nufa ba? Ka ƙara da cewa maiɗakinka ta kama wata waƙa tana ta maimaita ta a waya, har abin ya fara ci maka rai.

Zan fara da ta biyun, don ta fi nauyi.

Babu mawaƙiyar da ta taɓa zaunar da ni ta ce ga abin da nake nufi, kuma ba haka ake gane waƙar mace ba. Ana gane ta ne in an san wace ce ke yi, a ina take tsaye, kuma wa take so ya ji. Ka duba yadda aka rene mu. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta mayar wa uwar miji magana, ranar aurenta ma ba a son a ga haƙoranta. To duk maganar da kunya ta tare a baki, ina kake so ta bi? Ta turmi take bi. A Bagalam da Mokoyo da sauran tsofaffin unguwanninmu, kafin injin niƙa ya cika gari, da asuba za ka ji lugude daga gida zuwa gida, mata biyu ko uku kan turmi guda, ɗaya na bayarwa sauran na amshi. Mai wucewa a waje daɗin murya kawai yake ji. Amma duk wanda ke cikin gidan ya san inda kowane baiti ya dosa.

In ka ji mace tana ta yabon inuwar itacen da ke ƙofar gidan ubanta, tana cewa duk duniya babu irinta, ba zancen itace take ba, sanar da mutanen gidan take cewa rana ta yi mata yawa a nan. In ka ji tana zuga ɗanta da laƙabi, tana roƙon Allah Ya raya shi ya gina mata ɗaki, sai ka tambayi kanka me ya sami ɗakin da take ciki yanzu. In kuwa kaza take yi wa faɗa, wai ta cinye tsabar da ba ita ta sussuka ba, kada ka nemi kaza, dubi wadda ke zaune bakin ƙofa ta ɗaure fuska. Wannan shi ne habaici, kuma daɗinsa shi ne mai yi tana da mafita. In maigida ya taso, sai ta ce ni da kazata nake. Ba wanda aka zaga, ba wanda aka kira sunansa, saƙo kuma ya isa. Saboda haka in na ce a rediyo baiti kaza ga inda ya nufa, ba duba na yi ba. Yaren da na tashi ina ji ne a bakin iyayena mata, kuma duk tsohuwar da ke saurarena ta riga ni ganewa.

Akwai kuma abin da kunne ke kamawa wanda ba ya cikin kalmomi. Wani lokaci baitin na wasa ne, amma sai ka ji muryar ta ɗan karye a ƙarshensa, ko mai waƙar ta ja numfashi inda bai kamata ba, ko ta bar ƴan amshi su ƙarasa mata abin da ta kasa ƙarasawa. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da raha da zolaya aka fi saninta, ga kiɗan ƙwarya mai tayar da zaune tsaye. Amma matan da ke rawar amada a gabanta sun san me suke yi wa dariya: zaman kishi, haihuwa a kai a kai, da rashin abin hannu. Wanda ya ɗauka waƙar baƙin ciki sai mai sanyin kiɗa kawai, rabin abin ya wuce shi.

Inda zarginka yake da gaskiya shi ne nan: fassara tana da iyaka, kuma yaran yanzu sun saba tsallake ta. Da zarar mawaƙiya ta fitar da waƙar rabuwa, sai a ce ai mijinta ne ya sake ta, ko wane ne ya yaudare ta. Wannan gulma ce, ba sharhi ba. Mai daka da bakinta take maganar kanta. Mawaƙiyar situdiyo kuwa sana'a take yi. Sau da yawa a masana'antar Kano namiji ne ke rubuta baitocin, a kira mace ta hau, a biya ta, a ɗora waƙar a fim wata daban ta motsa baki. Ƴar garinmu Fati Nijar, da aka haifa nan Maradi ta je Kano ta yi suna, ta rera waƙoƙi masu ɗimbin yawa. In kowace ɗaya labarin rayuwarta ce, ashe ta yi rayuwar mata ɗari. Ni abin da nake tambaya a irin wannan waƙa shi ne me ya sa matan da ke saurare suka ga kansu a ciki. Abin da ke ɗakin mawaƙiya kuwa ba ruwana da shi.

Sai tambayarka ta farko, ta raki da rashin godiya. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ba zan shiga gonarsu ba. Amma baƙin ciki kansa ba saɓo ba ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma nuna cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Al-Khansa'u, wadda ta musulunta a zamaninsa, da marsiyyar ɗan'uwanta Sakhru ta yi suna har yau. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta kuma yi wa mijinta Giɗaɗo. Ka ga ni Bakatsiniyar Maradi, da kakannina suka sha gwabzawa da Sakkwato, yau ga ni ina kafa hujja da ƴar gidansu, don gaskiya ba ta da ƙabila. Ba wanda ya ce wa waɗannan mata marasa haƙuri.

Mu mata kullum haƙuri ake ba mu. Ranar kai amarya da shi ake sallamarta, in ta yi yaji da shi ake mayar da ita, in an yi mata kishiya shi ne, in ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma shi ne. Ban ƙi ba, haƙuri abu ne mai kyau. Amma tukunyar da ke kan wuta, in aka danne murfinta ba a bar wa tururi hanya ba, ka san ƙarshenta. Matar da ta yi waƙarta ta share hawaye ta ɗora tuwon dare, ita ce ke zaman aure shekara talatin. Wadda nake jin tsoro ita ce wadda ta yi shiru gaba ɗaya.

Kuma ba a banza matan ƙasar nan suka iya waƙar kewa ba. Da an gama girbin gero da gyaɗa, maza su bi hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano, wasu har Ikko, cin rani. Wasu su yi arewa, Agadas da Libiya. Da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, ƙauyuka nawa ne suka koma sai mata da tsofaffi da yara? Waɗanda suka ga yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, da ta 2005 da ta fi tsanani a jiharmu, sun san matan da suka binne ƴaƴa maigida ba ya nan. Sa'ad da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2019, aka sake rufewa a 2023, akwai matar da mijinta ke can, kuɗin cefane ya yanke, ita ce uwa ita ce uba. Irin wannan mace in ta ji wata na rera zancen jiran wanda bai dawo ba, ba sai na yi mata sharhi ba.

Game da maiɗakinka, ɗana, kada ka karɓe wayar, kada kuma ka yi mata gori. Turmi ya ragu a birni, habaicin ya koma cikin waya. Abin da kakarta ke yi da taɓarya, shi take yi da waƙar da take maimaitawa ko take ɗorawa a WhatsApp. Zauna ka saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe, kai kaɗai. Lura da wanda ake yi wa magana a ciki: masoyi ne da ya juya baya, uwa ce da ake kewa, ko duniya ce ake kuka da ita? Lura da baitin da take bi da bakinta, don ba duka waƙar ce tata ba, sau da yawa layi guda ne. Ka tuna yaushe ta fara, me ya faru a gidan a lokacin. Mai yiwuwa kai ne. Mai yiwuwa kuma gida take so ta je ta ga mahaifiyarta, kunya ta hana ta roƙa. Yana iya zama ma kiɗan kawai ya yi mata daɗi, don ba kowane hawaye ke da mai laifi ba. In ka gama, ka tambaye ta cikin lalama, lokacin da yara suka yi barci.

Kada ka ɗauka duk waƙar da aka sa wa sanyin kiɗa nake yabo. Da yawa cikin na yanzu ba su da komai sai zuciya da hawaye da zan mutu in babu kai, an ɗauko karin finafinan Indiya, an bi muryar da na'ura har ba ka bambance wannan yarinya da waccan. Waƙar da ke gaya wa ƴar shekara goma sha biyar cewa rayuwarta ta ƙare don saurayi ya daina kira, ba na sa ta a shirina, kuma a nan ni da kai bakinmu ɗaya. Mai kyau ita ce wadda ta kama abu guda na zahiri ta riƙe, kamar tabarmar da ba a naɗe ba tun tafiyar mai ita, ko kwanon da aka saba zuba wa wani, ta bar mai saurare ya ƙarasa sauran da kansa. Irin wannan ba ta da yawa, shi ya sa kake jin ina maimaita ƴan kaɗan.

Abin da ya fi damuna ma ba na situdiyo ba ne, su suna da masu adana su. Marigayiya Hamsu Garba, ita ma haifaffiyar Maradi, da ta rasu a Yamai a watan Disamba na 2022, muryarta na nan a faifai duk mai so zai ji. Amma waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, inji da siminti sun kashe aikin da ake yin su a kai, masu iya su kuma tsufa suke yi. Ka ce mini mahaifarka wajen Tibiri take. In ka je gida, nemi kakarka ko wata gwaggonka, ka roƙe ta ta rera maka abin da suke yi a bakin turmi, ka ɗauka a wayarka da izininta. Kada ka tsaya nan, tambaye ta da wa take a lokacin. Za ta yi dariya ta ce ba da kowa ba, sai ka ƙara zama. In ta yarda a sa a rediyo, ka kawo mini, ba za mu ambaci sunanta ba.

Ka gaishe mini da maiɗakin naka da yara.

Wassalam,
Innarka, daga Maradi