Maganar aikin da ƙanenka yake so

Nima, Akra

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Jamus? Mu nan sai godiya. Hajiya tana gaishe ka, ta ce muryarka ta yi wuya.

Na ga saƙonka kan ƙanenka da yake sha'awar irin aikina. Ka faɗa masa tun da wuri, babu bindiga a ciki, karatu ne da rubutu. Ɗan majalisar da nake wa aiki yana kwamitin tsaro da harkokin cikin gida. In aka kawo ƙudurin doka, ni nake kwana a kansa, sashe bayan sashe, ina auna shi da tsarin mulkin Ghana na 1992. Da safe in miƙa masa shafi biyu: ga inda aka ba jami'ai iko, ga inda ba a faɗi wanda zai sa musu ido ba. Sau da yawa a mota yake karantawa, cikin cunkoson hanya, yana ja wa layi da jan biro.

Ka ce wa yaron ya fara da karanta dokar hukumomin tsaro da leƙen asiri ta 2020, mai lamba 1030, wadda ta maye gurbin ta 1996, ta canza sunan hukumar leƙen asiri ta ƙasa daga BNI zuwa NIB. Sai dokar 2019 da ta haramta 'yan bangar siyasa bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon. Kai ma ka san 'ya'yan waɗanne unguwanni ake ɗiba a irin wannan ɓarna.

Wallahi ina so ya shigo. Tunda aka ƙulla yarjejeniyar tsaro ta Akra a 2017 da su Burkina Faso da Togo, hankali ya koma iyakar arewa, wajen Paga da Bawku. Kullum ana zancen Zango, da makiyaya, da 'yan tireda, amma masu zancen kaɗan ne suka taɓa kwana a Zango. A takarda "tsaurara bincike" layi ɗaya ne. A shinge kuwa, direba ne ya taso da albasa daga Nijar, yana tsaye a rana, kaya na ruɓewa, don sunansa ya ja masa tambaya. Wanda ya san wannan ya kamata ya zauna inda ake rubuta layin, tun kafin ya zama doka.

Ka ce masa ya karanci shari'a ko kimiyyar siyasa a Jami'ar Ghana da ke Legon, ya nemi kwas a cibiyar Kofi Annan ta horar da masu aikin wanzar da zaman lafiya da ke Teshie, kuma ya dage da Faransanci, don duk maƙwabtanmu shi suke yi. Ya iya riƙe bakinsa, ko a majalisar shayi. Kuɗin ba yawa, kuma in maigida ya faɗi zaɓe, aiki ya bi shi.

Ka turo shi gida ranar Asabar bayan la'asar, zan ba shi kwafin dokokin biyu. A gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka na Nima