Zaɓen fidda gwani: a kawo zagaye na biyu kafin bango ya ƙarasa tsagewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan yadda jam'iyyu ke fidda 'yan takarar ciyaman da kansila a Jihar Kaduna, tun kafin kakar zaɓe ta gaba ta kankama.

A zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 19 ga Oktoba, 2024, hukumar zaɓen jiha, KADSIECOM, ta bayyana cewa APC ce ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 gaba ɗaya. Ko mutum ya gamsu da wannan sakamako ko bai gamsu ba, ya nuna cewa a matakin ƙaramar hukuma wanda ya riƙe tikitin jam'iyya mai mulki ya riga ya haye. Ashe ranar fidda gwani ce ranar da ake raba kujera. Kujerar kuma ta ƙara nauyi tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina naɗa kantomomi.

A lokacin wancan zaɓen, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba da hanyoyi uku: 'yar tinƙe, daliget, da maslaha, wadda ita ma ba ta inganta sai kowane mai neman takara da aka tantance ya amince a rubuce. A biyun farko ƙa'idar ɗaya ce, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne gwani, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce. A nan gizo ke saƙar. A ce mazaɓa ce a Rigasa ko Tudun Wada, masu katin jam'iyya 1,000 sun fito, masu nema biyar. Na farko ya samu 260, na biyu 240, sauran 200 da 170 da 130. An ba mai 260 tikiti, mutum 740 sun koma gida ba su zaɓe shi ba. Sau da yawa kuma uku daga cikin biyar ɗin ra'ayinsu ɗaya ne, masallaci ɗaya suke salla, dattawan unguwa ɗaya ke mara musu baya, mutanen da ke son a riƙe tarbiyya da al'ada a tafi a hankali. Su ne masu rinjaye, amma sun raba ƙuri'arsu gida uku. Ubangidan siyasa da ya san lissafi ba ya wahalar da kansa wajen shawo kan jama'a. Fam kawai zai saya wa mutum na huɗu da na biyar daga gidan abokin hamayya, ya zauna ya jira.

Maganin da nake ba da shawara shi ne zagaye na biyu: idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa, na ɗaya da na biyu su sake karawa su kaɗai. Kada a haɗa wannan da inkonkulusib irin wanda aka yi a Kano a 2019, inda aka koma wasu rumfuna, har da na mazaɓar Gama, saboda ƙuri'un da aka soke sun fi ratar da ke tsakani. Wancan ƙarasa zaɓen farko ne a wasu akwatuna. Zagaye na biyu sabon zaɓe ne a ko'ina, tsakanin mutum biyu.

Ba baƙon abu ba ne a siyasarmu. A taron NPN na 1978 Alhaji Shehu Shagari ne ya zo na ɗaya amma bai kai rabi ba, za a sake zagaye sai Alhaji Maitama Sule ya janye masa. A taron SDP na Jos a 1993 ma sai da aka je zagaye na biyu, Atiku Abubakar ya janye, Abiola ya kayar da Babagana Kingibe. Duka biyun, wanda ya fito ya fito ne bayan an zauna da waɗanda suka zo bayansa an nemi yardarsu.

Inda aka fi gwada tsarin a kai a kai shi ne jihohin kudancin Amurka irin su Texas da Jojiya da Alabama da Misisipi, kuma 'yan jam'iyyar Republican masu ra'ayin mazan jiya sun sha ɗanɗana daɗinsa da ɗacinsa. A Texas a 2012, David Dewhurst, ɗan takarar manyan jam'iyya, ya samu kusan kashi 45 cikin ɗari a zagayen farko na neman takarar sanata, Ted Cruz ya samu kashi 34. Da aka dawo bayan wata biyu, magoya bayan waɗanda suka faɗi suka tattaru a bayan Cruz, ya ci da kusan kashi 57. Da ƙa'idarmu ta mafi yawan ƙuri'a aka bi, da Dewhurst ya tafi da tikiti alhali mafi yawan 'yan jam'iyya ba shi suke so ba.

Amma ba zan ɓoye aibin abin ba, domin duk wanda zai ɗauko shi ya kamata ya san inda yake cizo. Babban aibinsa jama'a ba sa fitowa karo na biyu kamar na farko. Masu zafin ra'ayi ne ke dawowa, mai shago da mai Keke Napep da suka yi asarar yini guda ba sa son asarar na biyu. A Alabama a 2017 Roy Moore ya kayar da Luther Strange a zagaye na biyu duk da Shugaba Trump yana bayan Strange. Daga baya zarge-zargen lalata suka taso wa Moore, ya musanta, amma 'yan jam'iyyarsa da yawa suka ƙi shi. Sama da mutum 22,000 suka rubuta wani suna daban a takardar ƙuri'a, ratar da Doug Jones na Democrat ya ci da ita kuwa ba ta kai 22,000 ba, a jihar da jam'iyyarsa ta yi shekara 25 ba ta ci kujerar sanata ba. Zagaye na biyu ya fidda gwani, bai ɗinke ɓarakar ba.

A Misisipi a 2014 wata matsalar ce ta fito. Chris McDaniel ya ɗan sha gaban Sanata Thad Cochran a zagayen farko, sai Cochran ya nemi ƙuri'un mutanen da suka saba zaɓen Democrat, ya ci zagaye na biyu. Magoya bayan McDaniel suka ce an yi musu haya, aka yi ta shari'a. Mu da rajistar jam'iyya ke zama a hannun shugaban mazaɓa, ana iya ƙara mata shafi cikin dare, wannan haɗari ya fi kusa da mu.

Saboda haka in za a yi, rajistar ce farkon abin gyara. A rufe ta wata guda kafin zagayen farko, a liƙa kwafinta a ofishin jam'iyya na mazaɓa, a ba kowane mai nema kwafi mai sa hannu, kuma ita ɗin ce za a yi amfani da ita a zagaye na biyu ba ƙari ba ragi. Tazara tsakanin zagayen biyu kada ta yi tsawo. Jojiya da kanta ta rage tata daga mako tara zuwa huɗu a 2021. A wurinmu mako ɗaya ya isa ga 'yar tinƙe, domin kowace rana da aka ƙara kasuwa ce ga masu sayen janyewa. In daliget ne, a yi a rana ɗaya a zaure ɗaya, a ba da sa'a ɗaya ko biyu a yi salla a tattauna, kada a bari a kwashe su zuwa otal. Kuma zagaye na biyu ya zama na takarda a asirce. Layin ƙato bayan ƙato tsakanin mutum biyu 'yan unguwa ɗaya, inda mai gidan haya ke kallon bayan wa ɗan hayarsa ya tsaya, shi ke haifar da gabar da take wuce zaɓe har ta shiga ɗaurin aure da jana'iza.

Sai maganar wanda ya faɗi. Mafi yawan jihohin Amurka sun hana wanda ya sha kaye a fidda gwani ya tsaya wa wata jam'iyya a zaɓen nan. Mu a nan mun ga yadda Sanata Shehu Sani ya koma PRP a 2018 bayan rikicin tikitin Kaduna ta Tsakiya. Ba na goyon bayan a ɗaure mutum da doka matuƙar ana ɗauki-ɗora, domin sauya sheƙa ita ce kaɗai ƙofar da ta rage wa wanda aka zalunta. Amma wanda aka ba dama sau biyu a fili, ejan ɗinsa ya sa hannu a takardar sakamako sau biyu, hujjarsa ta yin zagon ƙasa ta ragu ƙwarai. 'Yan adawa ma su duba zaɓen gwamna na 2023: Uba Sani na APC 730,002, Isa Ashiru na PDP 719,196, rata 10,806, alhali Jonathan Asake na LP ya samu 58,283, Suleiman Hunkuyi na NNPP ya samu 21,405, wato ƙuri'un da adawa ta rarraba sun fi ratar nesa ba kusa ba.

Tunda doka ta ce mafi yawan ƙuri'a, jam'iyya ba za ta iya wannan da sanarwa kawai ba, wanda ya zo na ɗaya zai garzaya kotu, kuma kwana 14 tsarin mulki ya ba shi ya shigar da ƙara. Jihar Zamfara ta isa misali, inda Kotun Ƙoli ta ƙwace duk kujerun APC a watan Mayun 2019 saboda ba a yi fidda gwani bisa ƙa'ida ba. Ina kira ga 'yan majalisar dokokin jiharmu na Lugard Hall su duba dokar zaɓen ƙananan hukumomi ta jiha, wakilanmu na Abuja su duba ta tarayya, a rubuta iyakar rabin ƙuri'a da wa'adin mako ɗaya ƙarara, a kuma wajabta wa jami'in hukumar zaɓe da ya sa ido a zagayen farko ya dawo na biyu da takardar sakamakon farko a hannunsa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Tudun Wada, Kaduna